Littattafan da Nawal Ta Karanta

Ustaz Midhat makaho ne tun yana yaro, da kunne ya yi karatunsa har ya zama malamin tarihi a Iskandariyya. Matarsa Nawal ta koyi naɗar littafi a ƙungiyar makafi, irin naɗin da mai sauraro zai tsallaka babi ko shafi da danna maɓalli. Manyan littattafan tarihin da babu mai son karantawa, ita ta naɗa masa su a gida, a kan teburin kicin. Bayan rasuwarta muryar nan ce ta riƙe shi. Da safe zai ci ful ɗinsa, dafaffen wake, ya zauna a baranda inda iskar teku ke shigowa, ya kunna.

Sai kunnensa ya fara nauyi. Ya ƙara sauti har maƙwabta suka yi magana, amma abin da yake ji bai wuce gunaguni a bayan bango ba. Likita ya ce jin ba zai dawo ba.

'Yarsa Shirin ta kwashi fayilolin ta kai wa Wa'il, mai kula da kwamfutocin ƙungiyar. Ya ce za su juyu: kwamfuta ta saurara ta rubuta, shi ya gyara, ya jera su babi-babi ya mayar da su littafin lantarki. Ustaz sai ya karanta da yatsa a na'urar rubutun makafi, mai 'yan ƙusoshi masu tasowa suna komawa.

Ranar da ta kawo na farko, Midhat ya shafa shafi biyu ya ture na'urar.

"Wannan ba littafin uwarki ba ne."

Shirin ta kai bakinta kusa da kunnensa. "Shi ne, Baba. Ko kalma ba a rage ba."

"An rage. A nan ta yi kuskuren faɗin sunan wani sarki, ta yi dariya ta ce Midhat zai cinye ta ɗanya. Yana ina?"

Shirin ta kira Wa'il a waya. Ya ce, "Madam, ai na ɗauka shara ce. Tari, dariya, har da ciniki da mai tumatir ta taga. Na sha wuya kafin in share su."

Da ta maimaita wa uban, sai ya ce, "Ki ce masa ya gode Allah ba ɗalibina ba ne."

Wa'il ya yi dariya, ya ce ɗanyen rubutun yana nan bai goge ba. Ya sake haɗa littafin da komai a ciki, kuskuren kwamfuta kawai ya gyara.

Wannan karon Midhat bai ɗaga hannu daga na'urar ba. Ana tsakiyar yaƙi a littafin, sojoji sun kewaye birni, yatsansa ya ci karo da "Dakata, shinkafa na ƙonewa." Ya yi dariya har da tari. Can kuma ya daɗe yana shafa layi ɗaya, inda Nawal ta tambaye shi ko ya yi barci.

"Maganarta ce duka," in ji shi. "Amma yadda take jan sunana, babu shi a nan. Na fara mantawa, Shirin. Ina nemansa a kaina ba na samu."

Shirin ta tashi ta ɗauko tsohuwar na'urar sauraron, ta nemo shafin, ta ɗora tafin hagunsa a kan lasifika ta kunna. Bai ji komai ba sai rawar muryar a fatar hannunsa. Ya bi rubutun da hannun dama a hankali, har biyun suka daidaita.

Sai rawar ta tsaya.

"Me ya faru? Ta lalace?"

"A'a, Baba. Shayi take sha."

Ya ɗaga yatsansa daga layin. "To mu jira ta," in ji shi.