Bari In Ƙarasa

Mai Aski yana tsakiyar gyara wa wani kwastoma ƙeya sai ya ji muryar da ya sani tana fitowa daga wayar mutumin. Muryar Tela ce, wata mata da ke cikin guruf ɗinsa, tana kokawa da gaisuwa. An ɗora mata kiɗa, duk inda ta sarƙe sai ganga ta buga. Kwastoman yana ta dariya har kujera na girgiza.

Guruf ɗin na masu in'ina ne. Mai Aski ne ya buɗe shi a waya, shi ne admin, don shi ma harshensa haka yake. Saƙon murya ake turawa, kowa ya ɗauki lokacinsa, babu mai cewa yi sauri. Babbar dokar ita ce muryar da aka saka a ciki ba ta fita waje, wanda ya fitar a cire shi ko wane ne. Tela ta daɗe tana saurare kawai kafin ta yi ta maza ta buɗe baki, ga kuma tukuicin da ta samu.

"Wa... wa ya turo maka?"

"Yayanka mana. Ai mutumin nan ɗan duniya ne."

Mai Aski ya dakata da askin. Da hannunsa ya saka Yaya a guruf, wai yana son ya koyi haƙurin sauraro. Yaya direba ne, mai baki kamar rediyo, kuma tun suna yara shi ke ƙarasa wa ƙaninsa kalma, yawanci ma ba wadda yake nufi ba.

Kafin azahar guruf ya yi tsit. Tela ta turo saƙo, a rubuce wannan karon: "Ku yafe ni, na daina magana." Wannan rubutun ya fi kiɗan yi masa ciwo. Ya san in ta tafi, sauran ma za su bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Ya kulle shago, ya tarar da Yaya a ƙofar gida yana wanke mota.

"Yaya, na zo in ci... ci..."

"Ci abinci? Shiga, matata tana ciki."

"Bari in ƙarasa."

Yaya ya tsaya da soso a hannu. Bai taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Kalmar ta maƙale, jijiyar wuya ta tashi, kumfar soson na ɗiga a kan takalmin Yaya, amma Mai Aski bai sauke ido ba.

"Cire ka. Na zo in cire ka daga guruf."

"Haba, ɗan wasan nan? Ni fa yayanka ne, ciki ɗaya."

"Shi ya sa na zo da ƙafata. Da wa-wani ne, daga shago zan danna."

Ya danna a gabansa. Sannan ya tsaya a kansa har ya goge abin daga shafinsa, ya bi waɗanda ya tura wa ɗaya-ɗaya yana ce musu su goge. Yaya dai yau rediyo babu batir.

A bakin titi Mai Aski ya ɗauki saƙon murya, bai sake ɗauka don gyara ba. Ya faɗa wa guruf wanda ya yi, da dangantakarsu, da hukuncin da ya yanke. Ya ce daga yau babu ɗan kallo, ko uwarsu ɗaya da admin. Duk wanda ya ci karo da abin a wani shafi kuma ya kai rahoto a sauke shi.

Muryoyi suka fara shigowa, mai walda, malamar makaranta, wani tsoho da ke cewa madalla. Har ya isa shago yana laluben makulli sai wayar ta yi ƙara. Tela ce, kuma ba rubutu ba ne. Ana jin keken ɗinkinta ya tsaya, ta ja numfashi, ta sarƙe, ta sake ɗaukowa.

"Admin," ta ce, tana dariya, "a... a... askin nan da ka yi wa Yaya ya fita."