Irin Geron Idrisa

Shekarar da damina ta yi wa Matameye rowa, har kuka ta rasa ganyen miya, babu mai sararin sauraron damuwar Habsatu. Sojoji ke mulki, su ke rabon jar dawar taimako a bakin kasuwa. Iyakar Nijeriya a rufe take, maza sai su sulale ta daji su tafi ci-rani Katsina da Kano. A wannan hali, wa za ka tare ka ce masa wani mutum yana tsayawa yana kallonka?

Mutumin kuwa Idrisa ne, tsohon mijinta. Tun da alƙali ya raba auren, ta koma gidan gwaggonta Shekara tana saƙar tabarma, shi kuma ya mai da bin ta sana'a. In ta je rijiya, yana gindin gawo. In ta shiga layin dawa, yana jingine da bango yana kallon ƙeyarta. Ta taɓa zuwa suna Dawce, kafin ta sauka daga amalanke ya riga ta isa. Yau ya zage ta, gobe ya aiko da goro. Ta kai ƙara wurin jandarma, aka ja masa kunne, ya rantse bai taɓa ta ba. Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ta ba, amma ya hana ta barci.

Gwaggo Shekara tsohuwa ce tukuf, idonta ya soma hazo, sai dai tambaya kamar alƙali. Kullum Habsatu ta dawo sai ta tare ta: "Ya yi magana yau? Ya yi aski? Har yanzu yana gyaran rumbunsa?" Habsatu ta ɗauka son jin labari ne irin na tsofaffi. Ran da ta shigo da kuka ta ce ya yi rantsuwa zai sa wa gidan wuta, tsohuwar ba ta ma ajiye mazarinta ba. Cewa ta yi, "Kada ki ƙara fita ke kaɗai. Kuma kada ki tanka masa, ko da zagi ne. Amsarki yake nema."

Kwatsam sai gindin gawo ya zama babu kowa. Labari ya karaɗe unguwa cewa Idrisa za shi Kano, yana bin gida-gida yana neman yafiya, kamar yadda duk mai tafiya ke yi. Ba wannan kaɗai ba, duk gidan da ya shiga sai ya bar musu zangarniyar gero. Gero, a wannan shekara! Mutane suka yi ta sa masa albarka, ana cewa Allah ya shirye shi.

Da la'asar Rabi maƙwabciyarsu ta shigo da ƙwarya cike da zangarniya. Ta ce, "Habsatu, ga saƙon Idrisa. Ya ce ki yafe masa. Gobe da safe in kin je rijiya zai tsaya daga nesa ya yi miki sallama, shi ke nan."

Habsatu ta ji kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ƙirji. Ta ce ta yafe duniya da lahira, har da hawayen murna. Nan da nan ta jawo turmi za ta yi sussuka, don rabonta da furar gero tun kafin wannan masifa.

"Dakata," in ji Gwaggo Shekara. "Miƙo mini ɗaya."

Ta shafa zangarniyar daga gindi har ƙarshe, ta murza ƙwayar, ta kai hanci. Fuskarta ta canza yadda Habsatu ba ta taɓa gani ba.

"Duba tsawonta. Ji ƙaurin hayaƙi da toka. Wannan ba geron ci ba ne, zaɓaɓɓe ne, iri ne."

Rabi ta yi dariya. "To, Gwaggo, ai shi ya fi daɗin fura."

"Mijinki da ya tafi Kano, ina irinsa?"

"Yana cikin tukunya a ɗakin uwarsa, an liƙe bakin da laka."

"Saboda zai dawo. Yunwa takan sa mutum ya ci irinsa, ya ci yana kuka, na gani da idona. Amma ya ɗauka ya raba wa mutane yana murmushi? Wannan ya gama da damina, Rabi. Ba Kano za shi ba. Kuma ba shi kaɗai yake nufin tafiya ba."

Taɓarya ta suɓuce daga hannun Habsatu. Duk unguwa sun ga geron nan, wasu har sun ci, amma tsohuwar da ba ta gane fuska sai an matso ita ce ta ga abin da ke cikinsa.

"Haka mijin ƙanwata Hawa ya raba awakinsa a Dungu," in ji tsohuwar a hankali. "Mu ma albarka muka sa masa."

Ta dogara sandarta ta fita. Ta fara da gidan mai unguwa, ta daɗe a zaure. Daga nan ta bi gidajen da Idrisa ya bi, tana roƙon a mayar mata da geron. Wa ke karɓe hatsi daga hannun mai yunwa? Amma duk wanda bai riga ya daka ba, da ya dubi fuskarta sai ya shiga ya ɗauko.

Washegari da hantsi ta tura Habsatu gidan Rabi, wanda dangarsa ke kallon rijiya. Ita kuma ta ɗaura shuɗin zanen Habsatu, ta lulluɓa da mayafinta, ta ɗora ƙwaryar geron a ka. Habsatu ta riƙe ta tana roƙo, tsohuwar ta fizge hannunta.

Ta kafar danga Habsatu ta ga komai. Ta ga 'yan'uwan mai unguwa zaune can gefe kamar masu jiran layin ruwa. Ta ga gwaggonta ta ba gawo baya, ta miƙe ƙugu kamar yarinya. Sai ga Idrisa. Ya yi aski tas, ya sa farar riga wankakkiya kamar ranar Idi, hannunsa na dama a cikin riga. Bai tsaya daga nesa ba. Tafiya yake yi da sauri, ba ya duban kowa.

Sai da ya kusa taɓa ta, tsohuwar ta juyo ta yaye mayafin.

"Idrisa," ta ce, "ga irinka. Ka mance shi a gidajen mutane."

Ya tsaya cak. Ya dubi fuskar, ya dubi ƙwaryar. Can sai wuƙa ta zamo daga cikin rigarsa ta faɗi kan rairayi, sabuwar wasawa, tana ƙyalli. Maza suka rufar masa. Bai yi kokawa ba, durƙushewa ya yi yana kuka kamar yaro, har jandarmomi suka zo suka tafi da shi.

Gwaggo Shekara ta aika da ƙwaryar gidan uwar Idrisa, ta dawo gida. Sai a zaure ta zame ta zauna ƙasa, ta nemi ruwa.

"Gobe za ki shiga mota zuwa Damagaram wurin kawunki," ta ce. "Za su sake shi wata rana, kuma ban san wane Idrisa zai fito ba."

Habsatu ta durƙusa gabanta, ta kasa haɗa ido da ita don kwarjini. Da ƙyar ta ce, "Gwaggo, da bai tsaya kin juyo ba fa?"

Tsohuwar ta gama shan ruwanta, ta goge baki da gefen shuɗin zanen.

"Da kin ga abin da ya kawo miki," ta ce, "kina raye."