Jawabin Ranar Litinin

Kullum kafin motar haya ta wuce Dutsen Zuma, Musaddiq ya riga ya maimaita jimla ashirin ta Turanci, waya a kunne, leɓɓansa na motsi kamar mai lazimi. Fasinjojin Suleja har cewa suke bawan Allahn nan akwai ibada.

Injiniyan gini ne, kuma ya san aikinsa ciki da waje. Harshe ne kawai ya ƙi ba shi haɗin kai. Tun ranar da Turanci ya sarƙe masa a taron kamfaninsu a Abuja, har wani ya kare fuska da fayil yana dariya, ya kafa wa kansa doka: ba zai sake furta kalma gaban manya ba sai ya rubuta ta, ya haddace.

Ranar Juma'a manajan aikin, Oga Alphonsus, ya ce a cire katakon da ke tokare da rufin kankaren hawa na biyu. Musaddiq ya ƙirga kwanakin. Kwana takwas kacal da zuba kankaren, bai gama kamawa ba.

"Akwai mai magana?" in ji Oga, da Turanci.

Musaddiq ya lalubi kalmomi ya rasa. Ya lallashi kansa da cewa ai sai Litinin za a fara cirewa, zai zo da bayaninsa tsaf.

A bakin ƙofa ya haɗu da Ɗantala, dattijon birkilan da ke aiki a ginin, maƙwabcinsa a Kurmin Sarki.

"Injiniya, lafiya na ga ranka a ɓace?"

"Lafiya lau, Baba. Sai Litinin."

Da Hausa fa aka tambaye shi, da Hausa kuma zai iya cewa kada kowa ya shiga ƙarƙashin rufin nan. Bai ce ba, hankalinsa na can wurin jimlar farko ta jawabinsa.

Ranar Asabar a ɗaki ya wuni yana rubutu yana gogewa, ya zaunar da matarsa Tayyiba ta zama masa manaja.

"Abban Khadija, ni ban gane ko ɗaya ba, amma wallahi ya yi daɗin ji."

Da la'asar aka bugo masa waya. Ana buƙatar katakon a wani wurin aikin, shi ya sa kafintoci suka cire tun da safe. Rufin ya rufto wa Ɗantala yana tsakar yaɓe.

Lahadi Musaddiq ya riƙe makarar Ɗantala har maƙabarta, kunya da baƙin ciki suna cin sa.

Litinin ya miƙe gaban kwamitin bincike ya zuba jawabinsa da ka: kwanakin da kankare ke buƙata, nauyin da ya hau kansa, dalilin da ya sa dole ya rufta. Ko tuntuɓe bai yi ba. Oga Alphonsus ya sunkuyar da kai.

Shugabar kwamitin, Madam Tolulope, ta ajiye biro.

"Bayaninka ya fita sarai, Injiniya. Yaushe ka gane haka?"

Wannan amsar bai rubuta ta ba, bai haddace ba, amma ta fito ba gargada.

"Juma'a," ya ce.