Uku a Buhun Siminti

Kawu ne ya ce ta raka shi, tunda ita ce ta karanci likitancin dabbobi, ta zaɓa masa lafiyayyen kare da zai riƙa gadin gida. Mai karnukan yana bayan garejin makanikai, ya kewaye wani lungu da tsofaffin tayoyi. Uwar 'yan kwikwiyon tana ɗaure a jikin ƙarfe, haƙarƙari duk a waje, 'ya'ya bakwai na tsotsonta.

Mutumin bai tsaya dogon gaisuwa ba. Sai ya cafko kwikwiyo ta ƙeya, ya juya shi, ya leƙa ƙarƙashin ciki. In namiji ne ya sa a kwali, in mace ce ya jefa a buhun siminti. Huɗu suka shiga kwali, uku buhu.

"Na buhun fa?" ta tambaya.

"Kududdufi, Malama. Wa zai ɗauki mace? Shekara goma sha biyu ina sana'ar nan, haka nake yi."

Ya faɗa kamar mai ba da labarin wanke hannu, wannan ne ma ya fi ƙona mata rai.

"Kawu, ɗauki mace. Namijin nan da kake so shi ne zai riƙa haura katanga yana yawo. Mace ta fi zaman gida."

"Ta tara min karnukan unguwa a ƙofa, ta zube min 'ya'ya takwas a ƙarƙashin mota? A'a, 'yar nan."

"Aikin rabin awa ne a cire mata mahaifa. Ni zan yi da hannuna."

Kawu ya kwashe da dariya. "Ji min boko! Kowa namiji yake ɗauka, sai ni za a mayar abin kwatance?" Ya nuna wani baƙi mai katon kai. "Miƙo min wancan sarkin ƙarfin."

Ɗaki ɗaya take haya, mai gidan ko kaza bai yarda a ajiye ba. Guda za ta iya ɓoyewa, shi ma da ƙyar. Ta durƙusa ta cusa hannu cikin buhun. Baki uku masu ɗumi suka kama yatsunta suna tsotsa.

"Yi sauri, Malama, ina da masu jira."

Ta kasa dubawa. Ta runtse ido ta jawo wadda hannunta ya fara kamawa, 'yar ja mai farin wuya.

Mai karnukan ya ɗauki rabin bulo ya zura kan sauran biyun, ya ɗaure bakin buhun da waya, ya saɓa a kafaɗa.