Ƙyauren Maɗacin Malam Yero

Maɗacin da ke ƙofar gidansu Rabo a Barkiya ya faɗi ne a guguwar farkon damina. Mahaifinsa, marigayi Malam Yero, shi ya dasa shi, kuma ya sha dariya a kansa. Mutum ne gajere, talaka mai gonar gero guda, wanda ko yaran unguwa a tsaye suke gaishe shi suna wucewa. Aka ce ga mangwaro ga gwaiba, shi ya rasa abin dasawa sai mai ɗaci. Shi dai ya yi ta ba shi ruwa har ya yi inuwar da masu dariyar suka dawo suna hutawa a ƙarƙashinta.

Da Rabo ya zo daga Dutsin-Ma, inda yake da shagon kafinta, ya tarar maƙwabta har sun fara wasa gatari. Mahaifiyarsa Inna Rabi kuwa ta zauna daram a kan gungumen.

"Ba a dahuwa da shi," ta ce. "Ƙyauren zaure nika so. Da wanga icce kaɗai za ka yi shi, in gani da idona kahin in bi ubanka."

Rabo ya kira mai inji aka tsaga gungumen. Aka fitar da katakai jajaye masu kaurin tafin hannu, tsawonsu daidai ƙofar zaure da ɗan rara kaɗan.

To, ɗanyen katako mai kauri yana da wani mugun hali. Ruwan cikinsa ta baki yake gudu, ta inda zarto ya yanke shi. Bakin ya riga ya bushe ya tsuke, tsakiya tana nan jiƙe ba ta da labari, sai ka ga ya tsage daga ƙarshe, tsagar ta yi ta cin jiki. Rabo ya san wannan sarai. Ya sayo kakin zuma wajen wani Bafulatani a Karofi, ya narka shi a tukunyar miyar matarsa Yahanasu, wadda har gobe ba ta yafe tukunyar ba. Ya shafe bakin kowane katako gaba da baya, ya sake shafewa. Ya jera su a rumfar bayan shago, ya sa sanduna tsakani don iska ta ratsa, ya danne da duwatsu kada su kantare. Kakin ya kama ƙura ya yi baƙi ƙirin, ba kyan gani ko kaɗan.

Kullum da safe sai ya leƙa ya shafa bakunan da yatsa. Yahanasu ta ce ko lokacin da take da ciki ba ta samu irin wannan duba ba. Inna kuma duk mai babur da zai shigo Dutsin-Ma sai ta ba shi saƙo: ƙyaure fa? Amsa ɗaya ce, bai bushe ba tukuna. Ga shi kuma tsohuwar ƙarfinta raguwa yake yi.

Ana tsakiyar bazara sai ga surukinsa, Alhaji Lado, mahaifin Yahanasu, daga Kurfi. Dogo ne, mai babbar murya da kirkin da ba ya shawara da kowa. Ɗansa ya sauke Alƙur'ani, za a yi walima, bencina sun yi kaɗan. Idonsa ya faɗa kan rumfa.

"A'a, Malam Rabo, ga wurin zama nan kwance yana barci! A ɗora su bisa bulo, malamai su zauna."

Rabo yana tsugune, kai a ƙasa. Bayanin kaki da inuwa da iska duk yana cikin bakinsa a shirye. Da ya buɗe bakin, abin da ya fito shi ne, "Ai naka ne, Baba."

Da mota ta tashi da katakan, Rabo ya roƙi Yahanasu ta gaya wa mahaifinta kada a taɓa bakunan.

"Ni in koya ma Baba riƙon kayan aro?" ta ce. "Mutumin da in ya ari fartanya sai ya yi mata sabuwar ƙota? Kurfi kaf an san shi. Kwantar da hankalinka."

Rabo ya kwantar da hankalinsa, abin da bai kamata ya yi ba ke nan.

An gama walima da kwanaki, katako shiru. Kunya ta hana shi aikawa. Ran da motar ta dawo, Alhaji da kansa ya biyo ta, da ƙullin goro a hannu, fuskarsa fal murna.

"Ka yi haƙuri da jinkiri. Wallahi da aka watse na duba kayanka, kunya ta kama ni. Bakunan nan baƙi, danƙo, ga shinkafa ga tururuwa. Halan baƙi sun goge maiƙon hannunsu a jiki. Na ce ba ni maida ma surukina kaya haka. Na sa aka tafasa ruwa, aka kankare da wuƙa, aka wanke da soso da sabulu. Sannan muka hau da su bisa kwanon ɗaki su sha rana. Kullum sai na sa an juya su, kada wani gefe ya ce an cuce shi."

Rabo ya leƙa bayan motar. Bakunan tas, kamar sabuwar ƙwarya. Kowane katako kuma ya wage daga ƙarshensa biyu, tsagar ta ci fiye da kamu. Ya juyo wajen Alhaji.

"Allah ya saka da alheri, Baba."

"Ba komi. Na ga sun ɗan buɗe baki, ka cike da garin katako. Ai aikinku ne."

Garin katako ba ya ɗinke irin wannan. Rabo ya ɗauki zarto ya yanke duk inda tsaga ta kai, yana yanka yana jin kamar yatsunsa yake datsewa. Ya sake narka kaki, ya sake jira har wata damina ta wuce. Abin da ya rage lafiyayye ne, amma ya gaza ƙofar zaure nesa ba kusa ba. Ya yi tunanin ya yi ƙari da wani katako ya rufe da fenti, ya tuna Inna ta ce da wannan itace kaɗai. Sai ya kira magini aka sa azara, aka cike saman ƙofar da laka, aka sauko da ita daidai ƙyauren.

Ranar da aka kafa shi, ƙyauren ya yi ja yana sheƙi, ga nauyi, ba tsaga ko ta gashi. Sai dai iyakarsa kafaɗar mutum. Aka riƙo Inna ta fito, ta shafa shi tun daga sama har ƙasa. Rabo ya tsaya gefe, ya tabbata ya ba ta kunya.

Ana haka Alhaji Lado ya iso yin barka. Ya yi sallama da ƙarfi, ya sa kai, hularsa ta yi gefe. Dole ya tattare babbar riga ya duƙa har ƙirjinsa ya kusa taɓa gwiwa, sannan ya shigo.

"Masha Allah, katako ya yi kyau, gara da na sa aka wanke shi. Amma Malam Rabo, ka riƙa awo kahin ka yanka."

"Haka ne, Baba," in ji Rabo.

Inna tana riƙe da ƙyauren, idonta ya ciko.

"Bar shi haka nan, Alhaji," ta ce. "Shi ma mai iccen ba dogo ba ne. Kuma har ya koma ga Allah ban ga wanda ya taɓa duƙa mashi ba."

Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a cikin zauren, saitin ƙofa, don ta ji an ce mai unguwa ma yana nan tafe.