Bugu na Uku a Kalgo

La'asar ta yi sanyi, yayyafin da aka yi tun azahar ya ɗauke ya bar ƙasa da danshi. Sambo ya iso Kalgo daga Maruda a bayan mashin, ya tarar mutane sun kewaye fagen da ke bayan gidan kawunsa.

Kawu Abdulgani ya yi shekara ashirin yana ɗaukar jakar 'yan wasan golf a Kaduna. Da ya dawo gida sai ya daɓe wani ɗan fili da yashi, ya haƙa rami a tsakiya ya sa gwangwanin madara, yana koya wa samari yadda ake gangara ƙwallo cikin rami da sanda. Yau tsohon maigidansa, Alhaji Faruk, ya zo ɗaukar mutum ɗaya ya tafi da shi Kaduna, a ba shi aiki a filin wasa, a kuma ci gaba da koya masa. Mutum biyu suka rage, Sambo da Lukuman, wani saurayi daga can ƙarshen gari. Bugu uku-uku, daga taku biyar.

Lukuman ya fara. Ya jefa biyu, ya zubar da ɗaya, ya koma gefe yana murmushi.

Sambo ya karɓi sanda. Ta farko ta faɗa gwangwani ƙwal, ta biyu ta bi ta. Kowa a fagen ya san ya fi Lukuman hannu. Amma da ya sunkuya zai yi na uku, sai ya ɗaga ido ya ga Alhaji ya bar waya yana kallonsa, nan take ya tsaya, ya kasa bugawa.

"Kai, ɗan Fulani," in ji Lukuman, "ƙwallo ce ba bijimi ba, ba ta tunkuyi!"

Aka yi dariya. Kawu ya matso kusa da kunnensa.

"Sambo, mi kake tsoro? Sassauta. Riƙe ta yadda kake riƙe hantsa in kana tatsa. In ka matse, saniya ta hana ka nono."

"To, Kawu."

Ya ce to, amma yatsunsa ba su ji ba. Sun damƙe sandar irin damƙar da ya saba tun yana ƙarami in shanu za su faɗa gonar mutane. Ya san yashi ya jiƙe, yana son bugu mai ɗan nauyi. Ya ja sanda baya, zuciyarsa ta ce kada ta wuce rami, sai ya rage hannu a tsakiyar bugun. Ƙwallo ta taho tiryan-tiryan, ta tsaya saura faɗin yatsa uku.

Aka ce a raba gardama da bugu ɗaya-ɗaya. Lukuman ya jefa tasa. Ta Sambo ko rabin hanya ba ta kai da kyau ba.

Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Da ma ka bar ta ta wuce, samari. Wadda ba ta kai rami ba, ai ba ta shiga."

Kawu ya tattara sandunansa ya shige gida. Wannan ya fi yi wa Sambo ciwo.

A bakin titi ya iske Lukuman yana ta fama da mashin, zai je gida haɗa kaya, ya ƙi tashi.

"Hau," in ji Sambo.

Ya tura shi har gaban shagon mai faci. Mashin ya yi tari ya kama, Lukuman ya murɗa ya wuce bai waiwayo ba. Sambo ya goge hannu a jikin rigarsa, ya tsaya jiran motar Gwandu da za ta sauke shi Maruda.