Audugar da Ke Cikin Safar Baba Tela

Nan-Take ya ga jini a tafin ƙafar Baba Tela, ya danna masa auduga, ya ja safa ya rufe, ya yi shiru. Wannan shi ne laifinsa, kuma ba wanda zai wanke shi. Yanka kuskure ne, hannu yakan zame wa kowa. Ɓoyewar ce mugunta.

Ranar da abin ya faru, Likita yana tafasa almakasansa a tukunya sai ga Baba Tela ya faɗo shagon ko sallama bai ƙarasa ba, da kwalin takalmi a hammata.

"Likita! Tashi, tashi! Auta na hanya! Ƙarfe huɗu motarsu za ta iso tasha, har da jikar tawa!"

Likita ba likita ba ne. Ya yi shekara goma sha biyu yana miƙa bandeji a ɗakin wankin ciwo na wani asibiti, ya ga ƙafafun da aka ceto da waɗanda aka yanke, sannan ya buɗe shagon gyaran ƙafa a layin. Mutane suka laƙa masa sunan don tsokana, ya bi shi. Baba Tela kuwa maƙwabcinsa ne, bango ɗaya ya raba shagunansu, kuma shekara tara ke nan Likita na yanke masa farce duk bayan mako biyu, tun da aka ce tsohon yana da ciwon suga.

"Shekara shida ban sa ta a ido ba," in ji Baba Tela, yana buɗe kwalin. "Dubi nan. Baƙi, mai igiya, sai ƙyalli. Amma wannan kantar ta ƙarƙashin babban yatsa ta hana shi shiga. Ɗauko reza ka fere min ita yanzu."

"Zauna tukuna, angon tasha."

Likita ya ɗora ƙafar a cinyarsa bisa tawul. Ya zaro tsinken tsintsiya daga aljihun gaba, kamar yadda ya saba, ya ce wa tsohon ya rufe ido. Ya taɓa dunduniya.

"Ka ji?"

"Ka fara ne?"

Ya taɓa tsakiya, ya taɓa ƙarƙashin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Baba Tela yana ta murmushi, ido a rufe, bai ji komai ba.

"To ka gani. Ƙafar nan ba ta kai maka rahoto. Ko ƙusa ka taka ba za ta gaya maka ba. Reza ba za ta hau ta a shagona ba. Kanta sai da dutse, kaɗan-kaɗan, mako uku. Yau ka sa tsohon takalminka mai taushi."

"Wancan mai kama da bakin kada? In tari 'yata da shi?"

"Auta fuskarka ta zo gani."

"Kai dai tsoro ya yi maka yawa. Shi ya sa yaronka ya fi ka kasuwa."

Maganar ta soki Likita. Nan-Take a hannunsa ya koyi aiki, shekara uku, kafin ya buɗe nasa shagon a tsallaken titi, da gilashi, da kujera mai juyawa, da kiɗa. Minti goma yake gama ƙafa, shi ya sa ake kiransa haka. Likita ya sauke ƙafar tsohon ƙasa.

"Ga hanya nan," ya ce.

Ta ƙofarsa yana hango komai. Ya ga Baba Tela ya tsallaka, ya ga Nan-Take ya tashi wani ya zaunar da tsohon, ya ga tururi na tashi daga robar ruwan da aka tsoma ƙafafun. Bai ga an taɓa ruwan da gwiwar hannu ba. Bai ga an yi tambayar nan da ya koya wa yaron tun ranar farko ba, wato ko mutum yana da suga. Nan-Take bai ma buƙatar tambaya, ya sha riƙe wa tsohon nan tawul. Likita ya ga reza ta yi walƙiya, ya ga Nan-Take ya ɗan tsaya, ya waiga wajen masu jira a benci, ya sunkuya, sai ga safa ta hau.

Baba Tela ya fito yana taka rawa a tsakiyar titi. Mai shagon kayan miya ta tafa masa, masu gyaran babur suka ɗauki fito.

"Likita! Ka gani? Ya shiga! Hannun yaron nan kamar iska, ko zafi ban ji ba!"

Likita ya san ƙafar nan ba ta jin zafi ko an yanke ta. Ya yi tsalle ya fito da tawul a kafaɗa. "Baba, tsaya in duba! Minti ɗaya!"

"Sai na dawo, matsoraci!" Tsohon ya faɗa tasi, ta ja, hannunsa na ɗagowa ta taga.

Kwana huɗu layin bai huta ba. Auta ta zo da 'yarta mai shekara huɗu, kuma Baba Tela ya zagaya da yarinyar a wuya shago-shago, cikin baƙin takalmi, yana cewa, "Ku ga amaryata! Ta ce tsohuwar matata ta tattara kayanta!" Ya buɗe keken ɗinki ya hau ɗinka mata riga mai aljihu biyu, feda na kaɗawa tun safe, ana jin ƙararta ta bango. Likita yana jin ƙarar yana cewa a ransa, ƙafar da ke taka feda haka lafiyarta ƙalau. Ƙarya yake yi wa kansa, kuma ya sani. Fushi ne ya hana shi zagayawa, taku goma kacal. Wannan nasa rabon ne a cikin abin, kuma bai taɓa musu ba.

Rana ta biyar da hantsi keken ya yi shiru. Sai ga Auta a ƙofarsa, mayafi a hannu.

"Kawu, zo ka ga Baba. Jikinsa zafi kamar wuta, kuma akwai wani wari a ɗakin. Ya hana ni cire masa safa, wai ƙafarsa sanyi take ji."

Likita bai rufe shago ba. Ya tarar da tsohon a kan tabarma kusa da keken, yana rawar ɗari, rigar yarinyar a ƙarƙashin allura saura hannu ɗaya.

"Ga matsoraci ya zo," in ji Baba Tela. "Zazzaɓi ne kawai."

"Miƙo ƙafar."

Safar ta manne. Sai da ya jiƙa ta da ruwan ɗumi ya yanka ta da almakashi. A ƙarƙashin babban yatsa ga dunƙulen auduga an danne shi da filasta, ya yi baƙi. Da ya ɗaga, Auta ta toshe baki ta juya. Yatsan ya canja launi, jan layi ya haura har ƙwauri.

"Wa ya sa maka wannan?"

Tsohon ya leƙa da mamaki. "Ni ban san da ita ba. Nan-Take ne ya ce kar in cire safar, man da ya shafa yana aiki."

"Mota!" Likita ya ƙwala ihu ta taga. "A samo mota!"

Layin ya hargitse. Masu gyaran babur suka watsar da sifana, biyu suka tare titi, biyu suka ɗauko tsohon a kan tabarmarsa. Mai kayan miya tana gudu a bayansu da filo. Direban da ya tsaya ya sauke fasinjojinsa ba tare da an roƙe shi ba. Likita ya naɗe audugar a tawul ya cusa a aljihu, ya riƙe ƙafar a cinyarsa har asibiti, yana ta ce wa direba ya taka.

Likitocin gaske suka duba, suka ce a yanke ƙafar a ranar. Aka yanke ƙasa da gwiwa. Washegari Baba Tela ya farfaɗo, har ya nemi shayi, murna ta koma layin, ana ta kiran waya ana cewa ya tashi, ya tashi.

"Likita," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ka ga riba. Yanzu rabin aiki za ka riƙa yi min."

"Rufe baki ka sha shayinka."

"Feda da ƙafa ɗaya ma ana takawa. Ka ce wa amaryata saura hannu ɗaya." Sannan ya kamo yatsun Likita. "Ka ce in tsaya minti ɗaya. Na ji ka sarai."

"Ni ma ina jin kekenka kwana huɗu ban zagayo ba."

"To mun yi canjaras."

Amma dafin ya riga ya shiga jini. Kwana uku bayan haka, da safe, Auta na goge masa fuska, ya cika.

Bayan an dawo daga binne shi, Likita bai shiga shagonsa ba. Ya tsallaka titi, mutanen layin na biye da shi. Nan-Take yana kan ƙafar wani, kiɗa na tashi. Likita ya kashe kiɗan, ya warware tawul a kan teburin gilashi.

"Ka san wannan?"

"Maigida, ɗan ƙwarzane ne fa. Mutane na jira, in na ce na yanke shi..."

"Me na ce maka ka yi in ka ga jini a ƙafar mai suga?"

Nan-Take ya sunkuyar da kai. "A wanke, a gaya masa, a tura shi asibiti a ranar."

"A ranar. Ashe ba ka manta ba."

Mutumin da ke kan kujera ya zare ƙafarsa daga ruwa, ya ɗauki takalminsa a hannu ya fita. Na benci suka bi shi.

Auta ta kai ƙara, Likita ya ba da shaida, har da nasa kwana huɗun bai ɓoye ba. Kafin ta koma, ta zauna a keken mahaifinta ta ƙarasa hannun rigar, ɗinkin ya ɗan karkace, yarinyar ta sa abarta haka. Baƙin takalmin yana nan a ƙarƙashin feda, igiyarsa a kwance.

An rufe shagon Nan-Take, an hana shi taɓa ƙafar kowa har abada. Alƙali ya ɗaure shi shekara biyu.